Yinin Da Na Kai Surukina Bakin Kogin Paris

Duk wanda ya ji kana Faransa a garinmu, ɗauka yake kullum da safe kana buɗe taga ka ga dogon ƙarfen nan na Paris. Ni kuwa na yi shekaru a ƙasar ban taɓa ganinsa ba sai a jikin kalandar shagon mai aski. A Lyon na sauka, a Lyon kuma na zauna.

Zangona na farko Guillotière ne, unguwar da baƙo ke fara jefa ƙafa. A nan na gamu da wani mutumin wajen Tawa, ana ce masa Ɗan Ladi. Ranar da na ji Hausa a bakinsa sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce yana da ɗaki. Da na je, ashe gado ɗaya ne, mu uku muke karɓa-karɓa, wannan ya tashi wancan ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa ba. Na yi haƙuri. Wata rana na dawo daga neman aiki na tarar an sauya makulli. Ɗakin ma ba nasa ba ne, shi kuma ya yi layar zana da jakar tufafina, ga sanyi ya shigo. Wani Balarabe mai sayar da nama, ɗan Aljeriya, shi ya ga ina rawar ɗari a ƙofar shagonsa. Ya ba ni kwat ɗin ƙanensa, hannuwan sun fi nawa tsawo, ya kuma bar ni ina kwana a ɗakin ajiyarsa har na samu wuri. Bai taɓa tambayata daga ina nake ba.

Zango na biyu Vénissieux, a gefen Lyon ɗin. Na samu aiki a wani depo, ɗaukar kwalaye da jera su. Ban iya karatu ba a lokacin, da launi da siffa nake gane kaya. A ƙasan benenmu akwai ajin manya da wata madam ke koyarwa da yamma, sai na shiga, da furfura a gemuna, tsakanin tsofaffin matan Maroko masu yi mini dariya in na juya harafi baibai. A hankali allunan titi suka fara yi mini magana. A Vénissieux ɗin ne na samu takardun zama, a nan ne kuma likita ya ce ina da ciwon suga. Ya ba ni ƙwayar da zan riƙa sha da safe, ya ja mini kunne: in na sha, in ci abinci, kada in yi wasa. Ban faɗa wa mutanen gida ba. Me zai ƙara musu ban da tunani?

Matata Zuwaira da 'ya'yanmu uku suna Tasawa. Na bi layin ofisoshi har aka amince su zo. Abu ɗaya ya rage, mahaifinta, Alhaji. Ya ce 'yarsa ba za ta je ƙasar da yaro ke duban babba ido cikin ido ba. Zuwaira ba za ta ƙetare maganar ubanta ba, ni ma ba zan sa ta ba. Ga shi takardar izinin zuwansu tana da wa'adi, in ya wuce sai a sake sabon lale.

Ana cikin haka sai Lawali ya kira ni. Ɗan ƙanen Alhaji ne, yana aiki a wani babban ofishi a Paris, yana zaune a Saint-Denis, a gefen birnin. Shi ya kawo tsohon Paris aka yi masa aikin yanar ido.

"Yaya Isuhu, ido fa ya buɗe, Baba ya hana mu sakat. Komai sai ya tambaya. Yana son ya ga gari, ni kuwa aiki ya riƙe ni. Ka zo ka kai shi."

"Ni da ban san Paris ba?"

"Ai ka iya karatu yanzu. Kuma in ba ka gane ba, wannan ce damarka."

Na gane. Na hau jirgin ƙasa na safe. A cikinsa na haɗiye ƙwayata da ruwa, da niyyar in na sauka in nemi burodi. Da na sauka, neman hanyar Saint-Denis ya ɗauke mini hankali, ban tuna da burodi ba sai da na ga kaina a ƙofar Lawali.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa. Alhaji yana zaune a tsakiyar falo, farar riga, baƙin tabarau, ga faranti a gabansa: ƙosai, shayi, kunun gyaɗa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, kaina a ƙasa. Mariya, matar Lawali, ta ce, "Yaya, matso mana, ga kalaci."

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke nan. Namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Tun da na auri Zuwaira, ko ruwa Alhaji bai taɓa ganin na kurɓa ba. Kuma mutumin da ya zo duba ko Turai ta cire mini kunya, shi zan fara buɗe wa baki ina tauna?

"Alhamdu lillahi, na karya a hanya," na ce.

Mariya ta ɗura abinci a jaka ta rataya mini. Lawali ya raka mu bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mini sunan tashar da za mu sauka, ya ja ni gefe: "Kada ka sake shi ko na ƙiftawar ido. In ya ga abu, binsa yake kamar ɗan akuya."

Tun a metro tsari ya rikice. Ban saba shiga gaban suruki ba, amma ni ne mai karanta allo. Sai muka shirya a kan in wuce gaba, shi ya riƙe gefen kwat ɗina. Jirgin cike yake maƙil. Kowace tasha in fara haɗa baƙaƙen sunanta, kafin in kai ƙarshe mun wuce. Alhaji kuwa ba ruwansa, kallon mutane yake.

"Malam, waccan me ya sami gashinta ya yi shuɗi?"

"Rini ne, Baba."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Ikon Allah. A ce mata ya yi kyau."

Ban ce mata ba.

Allah ya taimake ni na kama sunan tasharmu da wuri. Muna fitowa daga rami sai sarari ya buɗe, ga kogi, ga wata gada mai dogayen ginshiƙai, a kan kowanne dawakai masu fukafukai suna walƙiya. Ni kaina na tsaya. Alhaji ya ɗaga tabarau, ya tuna likita ya hana, ya mayar.

"Zinariya ce?"

"Haka ake cewa, Baba."

"A waje? Ba mai gadi? Ba wanda ya taɓa zuwa da wuƙa ya ɗan kankara?"

Na ce ban sani ba. A yinin nan na faɗi "ban sani ba" fiye da yadda na faɗa a duk zamana na Faransa, kuma abin mamaki, bai ji haushi ba. Da na ce ban sani ba, sai ya ƙirƙiro amsarsa.

Muka haye gadar muka gangara bakin ruwa. Jirage ne ɗaure a jere, amma ba na kaya ba, gidaje ne. Ga tukwanen furanni a kan rufi, ga keke, ga wani dattijo yana shan kafe a kujera. Alhaji ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ya huta," ya ce. "In maƙwabci ya dame shi, sai ya kwance igiya."

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kogi guda, ba mai wanki, ba mai ɗibar ruwa, ba mai shayar da dabba. Can muka hango wani mai ƙugiya. Muka tsaya. Ba a jima ba ya jawo kifi, ƙato, wanda zai ishi gida miya. Ya cire ƙugiyar a hankali, ya ɗaga kifin ya ɗauki hoto da waya, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa.

Alhaji ya saki kwat ɗina ya riƙe baki.

A lokacin cikina ya fara kira. Na ga hankalinsa ya tafi, sai na sulala hannu cikin jaka, yatsuna suka taɓa dabino. Kafin in fito da shi ya juyo.

"Malam! Zo ka tambaye shi. Rantsuwa ya yi, ko kifin na wani ne?"

Na zare hannu wayam. Na tambayi Baturen da guntun Faransancina. Ya yi dariya ya ce shi don jin daɗi yake kamawa, kuma kifin kogin nan ba a cika cinsa ba. Na fassara. Alhaji ya girgiza kai.

"To ya ba kifi wahala, ya ba kansa. Amma ka ga bai yi ƙarya ba, a fuskarsa akwai jin daɗin."

Daga nan muka hau wata unguwa ta masu hali. Tituna masu faɗi, itatuwa a jere kamar an auna da igiya, gidaje duk tsayinsu ɗaya, ƙofofi manya masu ƙarfen ado, duk a rufe. Wata mata ta wuce da kare sanye da riga mai maɓalli. Alhaji ya bi karen da kallo har ya sha kwana, na san yana ajiye shi ne don majalisar Tasawa. Abin da ya tambaya daban ne.

"Ina masu gidajen?"

"Suna ciki, Baba."

"Duk wannan inuwa, ba mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida? To in mutum ya yi arziki, wa ke ganinsa?"

Sai muka iso wasu shaguna na masu kuɗi. Taga guda kamar ɗaki, a ciki jakar hannu ɗaya tak, an haska ta da fitila. Alhaji fataucin fata ya yi duk ƙuruciyarsa, daga kasuwannin ƙauye zuwa Maraɗi. Ya manna goshi a gilashi.

"Akuya ce. Wallahi akuya ce. Mu shiga."

Na wuce gaba ba don ina so ba. A ƙofa akwai mai gadi baƙin mutum cikin baƙar kwat. Na gaishe shi, na ce tsohona ne, ba saye za mu yi ba, sana'arsa ce a da. Ya dubi Alhaji, ya dubi cikin shagon, ya ce shi ɗan Mali ne, kakansa ma majemi ne. Ya yi magana da wata budurwa mai farin safar hannu. Ta ɗauko jakar ta ɗora a kan wani ƙyalle. Alhaji ya shafa ta da bayan yatsa, ya sunkuya ya shinshina. Budurwar ta ƙunshe dariya.

"Jima ta yi," ya ce. "Ba ƙaiƙayi, ba tabon ƙaya. Wannan akuya ba ta taɓa shiga daji ba. Ka ce mata na gode, Allah ya kawo kasuwa."

Da muka fito yana ta murmushi shi kaɗai. Ni kuwa gumi ya fara tsattsafo mini a goshi, alhali iska mai sanyi ke kaɗawa.

Azahar ta same mu a wani fili mai ciyawa kusa da ruwa. Muka yi alwala da ruwan gora, ya ja mu salla. Da na ɗago daga sujada sai da ƙasa ta ɗan juya. Bayan sallama ya ce in miƙo jaka. Ya buɗe: dambun nama, burodi, dabino.

"Malam, bismilla."

"Alhamdu lillahi, Baba."

Bai matsa ba, don ya san al'ada, shi ma haka ya yi wa nasa surukin. Na ja gefe kaɗan na kau da kai, ina jin ƙamshin dambu yana bi ta bayan kunnena. Na ce a raina, saura kaɗan, mu ga ƙarfen nan in mayar da shi gida, in ya so in ci tukunya guda a tasha. Na yi haƙurin da ya fi wannan.

Ƙarfen kuwa da muka matso shi, ya wuce yadda kalanda ta nuna. Ƙafafunsa huɗu kowace ta fi gidanmu faɗi. Alhaji ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa.

"Me ake ajiyewa a sama?"

"Ba komai, Baba. Hawa ake a duba gari a sauko."

"Kamar mai kifin nan ke nan."

Muna tsaye sai wani saurayi ya zo da fara'a, ya kama hannun Alhaji ya fara ɗaura masa wani zare mai launi. Na san irinsu, a Lyon ma an ba ni labari: in ya gama ɗaurawa sai ya ce a biya. Na buɗe baki in hana, harshena ya yi nauyi. Alhaji kuwa ya ɗauka kyautar baƙunta ce. Ya riƙe hannun saurayin da hannu biyu ya shiga yi masa addu'a, ta iyaye, ta zuriya, ta neman halal, ta cikawa da imani. Saurayin ya ja, tsoho ya riƙe. Ya ce a ba shi kuɗi, Alhaji ya ce amin. Daga ƙarshe ya fizge hannunsa ya tafi yana gunaguni, ya bar zaren.

Na so in yi dariya, amma jiri bai ba ni dama ba. Akwai wani allo a gabana, na san na iya karanta shi, sai na ga baƙaƙen suna rarrafe kamar tururuwa. Na hango benci a bakin ruwa, na ce, "Baba, ko za mu ɗan..." Iyakar abin da na tuna ke nan.

Da na farfaɗo, abu na farko da na gani gemu ne fari a saman fuskata. Kaina a kan cinyar surukina yake, yana yi mini fifita da hularsa, yana ɗaga murya da Hausa a tsakiyar Paris: "Jama'a, ku kawo ruwa! Ba Musulmi a garin nan?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta durƙusa kusa da ni, ta ɗaure ɗan karenta a ƙafar benci. Ta tambaye ni ko ina da suga. Na gyaɗa kai. Ta buɗe jaka ta fito da ƙwayoyin sukari irin na shan kafe, ta tura mini a baki ba tare da neman izini ba. Ta yi wa wani ma'aikacin gidan abinci na tsallaken titi hannu, ya rugo da ruwan lemo. Na sha don ba ni da ƙarfin ƙi. A hankali duniya ta dawo wurinta. Suka taimaka na hau benci. Ta ce ko a kira motar asibiti, na ce a'a, na ji sauƙi. Sai ta ɗaga yatsa ta yi mini faɗa kamar uwata: sukarin nan ba zai riƙe ni ba, in ci abinci yanzu, yanzu-yanzu, ba anjima ba.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce in huta, Baba."

"Ba haka ta ce ba. Na ga ta kai hannu baki har sau nawa. Da can ne ake yi mini wannan, yanzu ina gani."

Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya: ciwon, da ƙwayar, da cewa tun jiya ban sa komai a cikina ba. Na san na gama yawo. Wa zai ba da 'yarsa ta bi mai faɗuwa a titi zuwa ƙasar da ba dangi?

Ya yi wa matar godiya da hannu a ƙirji, har da ɗan rusunawa. Ta kwance karenta ta tafi tana waiwaye. Ya ɗauki jakar ya ajiye a cinyata. Sannan ya tashi, ya zagaya can ƙarshen bencin, ya zauna ya ba ni baya, fuskarsa ga kogi.

"Ni jirage nake kallo," ya ce. "Ban san abin da ke faruwa a bayana ba."

Na daɗe ina duban jakar. Sannan na gutsuri burodi, na cusa dambu a ciki. Ina ƙoƙarin taunawa ba ƙara, amma burodin Faransa ba ya rufa wa mutum asiri.

Ya yi magana, ba da ni ba, da ruwa.

"Wa ke dafa wa mutum abinci a can garin nasu?"

Na haɗiye. "Shi ke dafawa, Baba."

"Shi ya sa." Wani jirgi cike da masu ɗaukar hoto ya wuce, Alhaji ya ɗaga musu hannu. "An ce mini duk wanda ya zo nan, kunya ce ke fara zubewa daga aljihunsa. Na ce bari in zo da sabon ido in gani. Ashe wani nasa ciwon daban ne. Ya bar gida da kunya, ta zo nan ta yi ƙiba, har tana neman kashe shi a bar ni da gawa, ni da ban san hanyar gida ba."

Na ci gaba da taunawa a hankali.

Zuwaira 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba. Ya gyara zaman hularsa.

"In na koma, zan ce wa waccan ta haɗa kayanta da na yaran. Ba don kowa ba. Ba na son a ce 'yata ta shiga takaba saboda burodi."

Na so in durƙusa in yi godiya, amma bakina cike yake, kuma in na zagaya gabansa zai gani.

"An gama?" ya ce. "Wuyana ya gaji."

"Da saura, Baba."

"To a ci. Ga wani jirgin can tafe."